Ranar da Clifford Oddy Ya Kori Masu Gyaran Wuta

"Ni yanzu wutar gidana daban take da taku!"

Clifford Oddy ke nan, yammacin wata Juma'a a mashayar Baƙin Doki da ke ƙauyen Skelby, ya turo tumbi gaba, ya ɗora wata hula ruwan ɗorawa mai hoton rana tana dariya. Hular kyauta ce daga sabon kamfanin wutar da ya koma. Kwana goma da komawar, amma in ka ji yadda yake baza baki sai ka rantse shi ya ƙirƙiro lantarki da hannunsa.

"Daga teku ake kawo min ita, iska ce ke juya ta," in ji shi. "Wuta ce sabuwa fil, ba irin taku da ta kwana a waya ba. Butar shayina yanzu kafin in ce tafasa ta tafasa. Burodi kuwa, in ya fito daga magasa, har wani ƙamshi yake yi na daban."

Bari in gaya maka ko wane ne Clifford, don kada ka ɗauka wani injiniya ne. Shekara talatin ya yi yana manna wa motocin mutane takardar tara a bakin kasuwa. Iyakar iliminsa ke nan. Amma tun da ya ajiye aiki ya zama likita, ya zama lauya, ya zama masanin yanayi, ya zama mai horar da 'yan ƙwallo daga kan kujera. Farfesan Baƙin Doki ake ce masa, shi kuma gogan ya ɗauka yabo ne.

A ƙarshen teburin akwai Stuart, ƙanin matarsa Glenda, mutum mai sanyin magana kamar ruwan randa. Shekara ashirin da biyu yana hawan falwaya, a kamfanin da ke da wayoyi da turakun yankin nan gaba ɗaya.

"Cliff," in ji Stuart, "waya ɗaya ce fa. Wadda ta shiga gidanka ita ta shiga gidan kowa a layin. Abin da ka canja shi ne sunan da ke saman takardar da ake aiko maka. In wuta ta ɗauke, mu ɗin dai za ka gani."

"Ku wa? Na sallame ku!"

"Ba ka taɓa ɗaukar mu ba balle ka sallame mu. Mu ba ma sayar da wuta. Hanyar da take bi ce tamu."

"Ji shi! Hassada ce ke cin sa, jama'a. Har takarda suka aiko min wancan makon, wai za su zo su sare reshen bishiyata don ya kusa waya. Bishiyar da kakana ya dasa! Na ce wanda ba na kamfaninsa ba shi da ta cewa a gidana. Na yayyaga ta na watsa a shara."

Stuart ya ajiye kofinsa a hankali. "Ka yaga?"

"Filla-filla."

"To madalla," in ji Stuart, ya ci gaba da shan abinsa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Glenda mace ce mai haƙuri da komai a duniya, har da Clifford, amma ban da abu ɗaya: agwaginta. Tana da wata farar agwagwa mai suna Duchess, wadda ta ci kyauta sau uku a bikin nunin dabbobi na gunduma. Watan da ya wuce dila ya haura shinge ya yi gaba da Duchess, ya bar gashi kawai. Glenda ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa a dangi. Abin da ya rage mata ƙwai tara ne da Duchess ta saka kafin ajali, ta jera su a injin ƙyanƙyasa a ɗakin girki, tana juya su, tana yi musu magana, tana leƙa ma'aunin zafi sau hamsin a yini. In waɗannan ƙwai suka mutu, zuriyar Duchess ta ƙare ke nan. Washegarin wannan Juma'a, ranar Asabar, suka cika kwana ashirin da takwas, wato ranar fitowa.

Sai ga shi a safiyar ne aka kira ta, mahaifiyarta ta zame a banɗaki, dole ta tuƙa mota zuwa gari. Ta tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu, iska na neman kwashe mata gyale.

"Clifford, dube ni. Talatin da bakwai da rabi. In ma'aunin nan ya sauka, kai ma ka fara neman inda za ka sauka."

"Haba, 'yar gidana! Injin da ke shan wutar teku? Tafi abinki."

"Kada ka taɓa komai. Kada ka gyara komai. Kada ka yi tunani."

Ta tafi. Ƙarfe goma da kwata iska ta yi wani irin kaɗawa, aka ji ƙarar karyewar itace a bayan gida, ƙas! Firji ya yi shiru. Rediyo ya yanke a tsakiyar magana. Ƙaramar fitilar injin ƙyanƙyasa ta lumshe ido.

Ka ɗauka hankalinsa ya tashi? Ina! Murna ya yi. Ya gyara hularsa ya fito titi, inda maƙwabta suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, gida goma sha biyu duk ba wuta.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi da ƙarfi. "Tawa za ta riga dawowa. Duk mai son cajin waya ya biyo layi a ƙofata, amma a cire takalmi."

Pauline Dyson, tsohuwar da ke gidan da ke manne da nasa, shekara tamanin da ɗaya, baki kamar reza, ta leƙo ta taga. "Na riga na kira masu waya, Farfesa. Lambar na nan manne a jikin mita tun kana da gashi a ka."

"Ke kira naki, Misis Dyson. Ni manya zan kira."

Ya buga wa kamfanin rana mai dariya, ya buɗe murya don kowa ya ji. Aka sa masa kiɗa. Aka ce kiransa yana da muhimmanci. Aka ce shi ne na talatin da huɗu. Ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji? Mai muhimmanci." Minti arba'in yana tsaye a iska, kiɗan nan yana zagayowa kamar jakin niƙa, kafin wata murya mai zaƙi ta ɗauka.

"Barka da hantsi, Mista Oddy, da me zan taimaka?"

"Wutata ta ɗauke. Ku turo mota yanzu-yanzu. Ku ce wa direban gidan da mai hula ke tsaye."

"Ayya, sannu. Ai mu ba mu da mota, Mista Oddy."

"Ba ku da me?"

"Ba mu da mota, ba mu da tsani, ba mu da waya ko taku ɗaya. Mu sayarwa muke yi. Gyara na kamfanin da ke kula da wayoyin yankinku ne, ko a wurin wa kake saye. In ba ka lambarsu?"

Pauline ta ƙwala daga taga: "Ce mata muna da ita!"

Kunnuwan Clifford suka yi ja. "Yarinya, ba ni shugabanku."

"Shi ma ba shi da tsani, Mista Oddy. Kafin ka ajiye, daga ɗaya zuwa goma, nawa za ka ba hidimarmu ta yau?"

Ya kashe wayar ya ce layin ne ba kyau, sabuwar ma'aikaciya ce, zai rubuta musu wasiƙa.

Mai hankali a nan zai shige gida ya rufe ƙofa. Amma wa ya ce maka labarin mai hankali nake ba ka? Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi sai ga farar mota da tsani a kanta ta tsaya a layin. Stuart ya sauko cikin rigar aiki mai ƙyalli, shi da abokin aikinsa. Ya ɗaga kai sau ɗaya ya ga abin da ya faru: reshen bishiyar kakan Clifford, ƙato kamar cinyar giwa, kwance male-male a kan waya, a daidai turken da ke cikin lambun bayan gidan.

"Buɗe mana ƙyauren lambu, Cliff. Aikin awa ɗaya ne."

To, jama'ar layi duk suna tsaye. In ya buɗe, ya amsa ke nan cewa duk abin da ya faɗa a Baƙin Doki shirme ne, kuma bishiyarsa ce ta jefa kowa a duhu. Sai ya ruga ya datse ƙyauren da kwaɗo, ya cusa makullin a aljihun baya, ya tsaya ya harɗe hannu a kan tumbi.

"Ba mai shiga. Nawa mutanen suna hanya."

"Waɗanne mutanen? Masu kiɗan?"

"Na ce na sallame ku. Ka taɓa min ganye ɗaya mu haɗu a kotu. Na san doka."

"Dokar ajiye mota ka sani," in ji Pauline.

Stuart bai ɗaga murya ba. Ya duba agogo. "A ƙauyen gaba akwai gida sittin ba wuta, har da gidan tsofaffi, kuma su ƙofarsu a buɗe take. Ba zan tsaya kokawa da mijin yayata a kan kwaɗo ba. Mun raba wayar nan da wuta, kada kowa ya je kusa da ita duk da haka. In ka gama sarautar, ka kira lambar da ke jikin mita." Har ya shiga mota ya leƙo. "Af, yau ne ranar ƙwan Glenda, ko?"

Motar ta tafi. Abin da mutanen layi suka gaya wa Clifford ba zan rubuta shi ba, don takarda ma tana da kunya.

Ya shige ɗakin girki da sauri. Ma'auni ya sauko talatin da uku.

Nan fa ya shiga neman dabara. Dabara ta farko, ruwan zafi a gora. Ya cika buta ya danna, ya tsaya yana jira, minti biyu cur, kafin ya tuna da me butar take aiki. Murhun gas kuwa shi da kansa ya sa aka fitar da shi bara, ya ce kayan mutanen da ne.

Dabara ta biyu, janareta. Yana da wani tsoho a rumfa wanda yake cewa zai iya haska filin ƙwallo. Ya jawo shi, ya tofa yawu a hannu, ya finciki igiya. Shiru. Ya sake. Tari ɗaya ya yi, irin na tsohon da ya sha taba shekara sittin. A ja na uku igiyar ta tsinke, dunƙulen hannunsa ya dawo ya same shi a hanci, tim! Ya zauna daɓas a cikin bokitin abincin agwagi.

Dabara ta uku, kyandir. Ya jera guda shida a ƙarƙashin injin, wanda na roba ne. Ba sai na ƙarasa maka ba. Wari ya tashi, na'urar hayaƙi ta fara tsala ihu a silin, ita da ke aiki da batir kuma ba ruwanta da kamfanin kowa. Ihun ne ya kawo Pauline, da sandarta, ta ƙofar gaba. Ta hure kyandiran, ta dubi gindin injin da ya fara lanƙwasa, ta dubi hancin da ke ɗigar jini, ta dubi ma'auni.

Talatin daidai.

Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara a kunne. "Suna da rai. Ji, yana ƙwanƙwasawa. Amma in suka ƙara awa ɗaya a haka, sai dai ka soya su ka ci kafin Glenda ta soya ka."

"Misis Dyson, ki rufa min asiri." Muryar Farfesa ta koma kamar ta ɗan akuya. "Me zan yi?"

"Lokacin yajin aikin masu haƙar kwal, da ake ɗauke mana wuta kullum, uwata a ƙirjinta ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma sha ɗaya. Jikin mutum ai talatin da bakwai ne. Cire riga."

"In yi me?"

"Shekara nawa kana tara tumbin nan ba ya aikin komai? Yau ranarsa ta zo. Cire!"

Haka aka kwantar da Clifford Oddy a doguwar kujerar falo, a gaban taga, rigingine. Pauline ta jera ƙwai tara a kan tumbin, ta tokare su da safa don kada su gangara, ta ɗan yayyafa ruwa, ta lulluɓe shi da rigar barcin Glenda, ruwan hoda mai gashi-gashi, ta ƙara bargo biyu.

"Kada ka yi tari. Kada ka yi dariya, ko da yake ban ga abin da zai ba ka dariya ba. Numfashi ma ka riƙa yi da lissafi."

Ta miƙa masa wayarsa, ta karanto masa lambar jikin mita da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Bugu biyu aka ɗauka. Ba kiɗa.

"Eh, muna da labarin layinku," in ji mutumin. "An rubuta mana cewa wani maigida ya hana ma'aikata shiga. Ka san shi?"

"Sama-sama," in ji Clifford.

Awa uku ya yi a kwance. Hancinsa na ƙaiƙayi ba halin sosawa. Labari kuwa ya zaga, don Pauline ba ta ja labule ba, kuma na tabbata da gangan ne. Mutanen da ya ce su biyo layi a ƙofarsa sun biyo layin, amma a taga. Har mai Baƙin Doki ya rufe mashaya ya zo kallo.

Ƙarfe huɗu saura farar mota ta dawo, motar Glenda na biye da ita. Glenda ta faɗo falo ko jaka ba ta ajiye ba. Ta ga injinta a ƙone. Ta ga mijinta a cikin rigar barcinta. Ta buɗe baki, sai Pauline ta ɗaga bargo a hankali. Glenda ta ƙirga da ido. Tara. Uku sun fashe baki, ana jin tsiyu-tsiyu ƙasa-ƙasa.

"Clifford," ta ce cikin raɗa, "in ka motsa, na kashe ka."

Stuart ya leƙo ta taga. "Ranka ya daɗe, an ce wani wanda ba ya kamfaninmu yana neman mu. Ina makullin?"

Clifford ya kafa wa silin ido.

"Cliff, makullin kwaɗo."

"Yana aljihun baya. Ina kwance a kansa."

"To tashi mana."

"Ba zai tashi ba!" Glenda da Pauline suka faɗa tare.

"Sai dai mu yanke kwaɗon ke nan," in ji Stuart. "Amma kai masanin doka ne, ba na son kotu. Ka ba da izini da bakinka, a gaban shaidu. Da na sare reshen ma. Ɗaga murya, na baya ba sa ji."

"Ba zan iya ɗaga murya ba, ƙwai za su gangara."

"To faɗa a hankali, Misis Dyson ta maimaita."

Haka aka yi. Clifford yana raɗa, Pauline tana shela ta taga kamar mai sanarwar tashar jirgi: "Ya ce ku yanke! Ya ce ku sare! Ya ce waya ɗaya ce! Ya ce shi jaki ne!"

"Ban ce haka ba!"

"Na ƙarasa maka ne, ɗana."

Minti hamsin aka kawo wuta, gida goma sha biyu a lokaci guda, na masu tsohon kamfani da na mai hula, ba wanda ya riga wani ko da ƙiftawar ido. Layi ya ɗauki tafi. Sai dai injin ya riga ya tashi daga aiki, wanda za a aro kuma yana wani ƙauye, sai an ɗauko an jira ya yi zafi. Kafin nan ɓawo ya tsage a daidai cibiyar Clifford. Wani ɗan abu jiƙaƙƙe ya turo kai daga ƙarƙashin rigar barci, ya buɗe ido a duniya, abin da ya fara gani shi ne kumburarren hanci da hula mai rana tana dariya. Na biyu ya biyo. Na uku ya biyo.

Bakwai suka rayu cikin tara. Glenda ta yi kukan biyun, ta yafe saboda bakwan, ta kuma karɓe makullin rumfa har abada.

Amma ka san halin ɗan agwagwa: abin da ya fara gani, shi ne uwarsa, ba a canja masa. Ukun farko suka ɗauki Clifford, sauran huɗun suka bi 'yan'uwansu. In ya shiga banɗaki suna bakin ƙofa suna kuka. In ya zauna suna kan takalminsa. Ya cire hular ya jefa a shara, bai yi amfani ba, hancin suka riƙe.

Bayan mako uku, da ya ga ƙura ta lafa, ya saci jiki da rana ya nufi Baƙin Doki. Ya tura ƙofa, ya gyara murya zai fara bayanin cewa dama shi ya san dabarar zafin jiki tun tuni, a wani littafi ya karanta. Ba wanda ya dube shi. Kowa ƙasa yake kallo. Ya waiwaya: bakwai, a jere, sun biyo shi tun daga gida, suna rangaji, na ƙarshen yana gudu don kada a bar shi.

Mashaya ta kece. Mai mashaya ya ɗauko faranti ya zuba ruwa ya ajiye a ƙasa, ya ce na yara kyauta ne.

Clifford ya lallaɓa ya zauna kusa da Stuart, 'ya'yansa suka kewaye ƙafarsa. Ya sunkuyo ya rage murya.

"Stuart, don girman zumunci. Kai mai gyara ne. Ka raba ni da abubuwan nan."

Stuart ya kurɓi abin shansa, ya dubi agwagin, ya dubi Clifford, ya girgiza kai.

"Mu waya muke gyarawa, Mama. Wannan kam kira kamfaninki."